Ƙararrawar Gidan Thomas

Unguwar Fezzan, Yerwa.
Nuwamba, 1966.

Zuwa ga aminina kuma maƙwabcina Thomas,

Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Agnes da 'yarmu Rebeka, da sauran dangin da kuka taras a Anacha. Yaya gajiyar hanya? Maiɗakina Saude ta ce in tambayi jikin Agnes musamman, ta ce Allah ya sauke ta lafiya. Mu nan duk lafiya, sai dai kewarku.

Umara direba ya dawo, ya miƙo mini 'yar takardar da ka ba shi a inda kuka rabu. Sai da na karanta ta na iya cin abinci da daɗi. Tun safiyar da kuka fita daga ɗakin ajiyar fatuna kuka hau motarsa, Agnes lulluɓe da mayafin Saude, zuciyata ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ba zan tuna maka abin da ya faru a garin nan cikin waɗancan kwanaki ba. Ka gani da idonka, ni ma na gani. Allah kada ya maimaita mana.

Gidanka yana nan yadda ka bar shi, makulli yana wuyana. Na je wurin Baba Ba'ana mai gidan na gaya masa kun tafi amma kayanku suna ciki. Tsohon ya ce, "Ɗan Kano, ka rufe masa. Ba zan sa kowa ba sai ya dawo." Kullum da hantsi ina leƙawa, in zuba wa bishiyar lemon Agnes ruwa, in duba ƙofofi.

Abin da ya sa na rubuto da sauri shi ne maganar ƙararrawa. Ka tuna ranar da za ku tafi ka ja waya daga akwatin da ke bangon ɗakinka, ta kan katangar da ke tsakaninmu, ka kafa ƙararrawar a zaurena. Ka ce muddin 'yar fitilar nan ja ta jikin akwatin tana ci, duk wanda ya taɓa ƙofa ko taga zan ji. To, ta yi aiki sosai a makonnin farko. Har akwai ranar da iska ta bugo tagar madafa, ƙararrawa ta ɗauka, na fito da gudu da wuƙar yankan fata a hannu, maƙwabta suna ta kallona. Na ji daɗin hakan, don kowa a layin nan ya san gidan ba a sake yake ba.

Amma ka san tunda ku masu sanin aikin kuka watse, wutar garin nan ta zama abin da ta zama. A makon jiya aka ɗauke ta, muka yi kwana da kwanaki babu. Ranar da ta dawo kuwa da ƙarfi ta dawo. Ƙwan zaurena ya yi haske kamar rana, ya fashe. Ƙararrawa ta yi wani irin gurnani da ban taɓa ji ba, kamar ƙudan zuma a cikin tulu, sannan ta yi shiru. Na shiga gidanka na duba akwatin, fitilar ta mutu, ɗakin kuma yana ɗan ƙaurin roba. Na buɗe ƙofa na rufe, na buɗe taga, na sa Saude ta tsaya a zaure tana saurare. Ko ƙis.

Na kashe babban makunni na kunna, kamar yadda na sha ganin kana yi. Na cire fulogin na mayar. Fitilun gidan suna kamawa, wato wuta tana shiga, akwatin ne kawai ya ƙi. Ban yarda na kwance shi ba. Ni baduku ne, Thomas, hannuna ya san basilla da zare, bai san waya ba. Na zaga gari neman mai gyara, waɗanda na sani duk sun tafi, shagunansu a rufe, wasu ma babu ƙofa. Wani da aka nuna mini a bakin kasuwa ya zo ya leƙa, ya ce wannan haɗin hannu ne, sai wanda ya haɗa.

Don haka ka rubuto mini dalla-dalla abin da zan yi, da Hausar nan taka ta Jos da ta fi tawa tsabta. Ban gaya wa kowa ƙararrawar ta mutu ba, har wanda ya leƙa ɗin na ce masa gyaran fitila nake so a ƙarshe. Amma abu irin wannan ba ya daɗewa a ɓoye.

'Yata Bintu kullum sai ta tambayi yaushe Rebeka za ta dawo su tafi makaranta.

Ka gai da kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Inuwa Baduku.

Unguwar Fezzan, Yerwa.
Janairu, 1967.

Zuwa ga aminina Thomas,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, barka da arziki. Takardarka ta iso, kuma ranar gidan nan ya yi murna irin wadda muka daɗe ba mu yi ba. Allah ya raya yaron, ya ba Agnes lafiyar shayarwa. Saude ta yi guɗa ita kaɗai a tsakar gida, sannan ta zauna ta yi kuka, wai da kuna nan da ita za ta yi wa mai jego ruwan wanka. Na ji abin da ka ce game da rashin aiki, da cunkoson da kuke ciki a ɗaki ɗaya da iyalin ƙanenka. Allah ya kawo sauƙi.

Zanen da ka yi mini ya taimaka ƙwarai. Na shimfiɗa shi a kan tabarma, na ɗauko sukundireba daga akwatin kayan aikinka, na yi bisimilla na kwance murfin. Na sami fis ɗin a inda ka nuna, kuma kamar yadda ka zata, siririyar wayar cikinsa ta tsinke ta yi baƙi. Na samo irinta a gwangwanin da ka ce, na ɗaura, na kunna. Fitilar ta yi ja kamar ƙiftawar ido, sai na ji tas, ta sake ƙonewa. Na sake ɗaurawa, ta sake. A karo na ƙarshe har hayaƙi ya fito. Sai na tsaya, don ka ce idan haka ta faru kada in sa waya mai kauri, gidan zai iya kamawa.

Daga nan na koma kan batirin da ka haɗa da akwatin. Kawunansa duk sun yi farin gishiri, ruwan cikinsa ya ja baya sosai. Na ɗaure shi a bayan keke na kai garejin Ajimi makanike. Ajimi ya gaishe ka, ya ce wushe da yarensu, ya ce garejinsa har yau da wayar da ka ja masa yake aiki. Ya kankare gishirin, ya ƙara ruwa, ya sa shi caji. Ya ce batirin bai mutu ba, yunwa ce ta kama shi, tun lokacin da aka ɗauke wuta yake ciyar da akwatin shi kaɗai har ya ƙare.

Da na dawo da shi na haɗa, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, sai ƙararrawa ta ɗauka ta ƙi tsayawa. Ƙofofi a rufe, tagogi a rufe, ita kuwa sai kuka take. Unguwa ta taru a ƙofar gidana. Dole na cire wayar. Na koma ga takardarka na ga inda ka ce idan ta yi haka, to wayar da ta zagaye gidan ta yanke a wani wuri. Na bi ta da hannu, daga ƙofar zaure zuwa taga, daga taga zuwa madafa, ina hawa turmi ina sauka. A bayan ɗakin Rebeka na samu. Gara ta yi gini a kan wayar, ta cinye rigarta, tsatsa ta ƙarasa sauran. Na yanke wurin, na murɗa sabuwa, na naɗe da ƙyallen fata mai laushi tunda ba ni da abin naɗinku. Na haɗa batir, shiru. Na tura ƙofa, ta ɗauka. Wallahi Thomas, na tsaya ni kaɗai a tsakar gidanka ina dariya kamar wanda aka yi wa bushara.

Sai dai murnar ba ta yi nisa ba. Bayan 'yan kwanaki ƙarar ta fara rauni, har ta koma kamar ana kaɗa cokali a kofi. Na kira Ajimi ya zo da kansa. Ya shinshina cikin akwatin, ya nuna mini wani dunƙulen ƙarfe da aka naɗe da waya, ya ce shi ne taransfoma, kuma ya ƙone ƙurmus. Shi ne ke karɓar wutar gari yana ɗura wa batir, shi ne kuma ke cinye mini fis. In babu shi, batir zai riƙa ƙarewa ne kawai. Ya ce shi aikinsa mota ne, ba zai iya naɗa wani ba.

Na nemi irinsa a duk inda ake zato. Shagon da kake saye a kusa da Kasuwar Litinin yanzu wani ne a ciki yana sayar da bandar kifi. Na ba Umara wanda ya ƙone ya tafi da shi Jos, ya dawo ya ce can ma labarin ɗaya ne. Idan akwai a wurinku, ko za ka iya naɗawa, ka aiko ta gidan waya tun hanya tana buɗe.

Kafin nan ga dabarar da na yi. Idan batir ya yi sanyi sai in kai wa Ajimi da safe, in karɓo kafin magariba. Ranar da babu wuta a garejin kuma sai ya kwana. A irin waɗannan ranaku nakan ɗauko aikina in zauna a ƙofar gidanka.

Na ga inda ka ce in daina wahalar da kaina, in kwashe abin da zan iya in bar sauran. Ban ji daɗin wannan magana ba. Ina zan kai gado da kabad da keken ɗinkin Agnes, ni da ɗakunana biyu cike da fata da yara? Kuma in na kwashe, me zan ce wa Baba Ba'ana? Gidan da babu kaya ai an tashi ke nan. Ka bar kayanka a inda suke. Ana ta cewa manya za su zauna su sasanta. Ni dai ban san abin da zan gaskata ba, amma ina so ranar da ka dawo ka tarar da kofinka a inda ka ajiye shi.

A shafa mini kan jariri. Bintu ta sa a cikin takardar nan wani zare da ta kitsa wa Rebeka.

Naka,
Inuwa.

Unguwar Fezzan, Yerwa.
Afrilu, 1967.

Thomas aminina,

Ina gaisuwa, ina kuma fata kuna lafiya kai da iyali. Ban sami amsar takardata ta baya ba, ko ta ɓata a hanya ne, ko taka ce ta ɓata. Mu muna nan cikin zafin bazara, ko inuwar dalbejiya ba ta da sanyi bana.

Na ɗauki alƙalami na ajiye ya fi a ƙirga. Ban san yadda zan faɗa maka da sauƙi ba, don haka zan faɗa yadda yake. An shiga gidanka.

Ranar Alhamis batir ya yi sanyi, na kai wa Ajimi. Aka ɗauke wuta tun kafin azahar, bai samu caji ba, ya kwana a gareji. Ranar Juma'a na zauna a ƙofarka tun safe ina ɗinkin wani sirdi. Da lokacin salla ya yi na yi ta jayayya da zuciyata. Na ce rana tsaka ce, masallaci ba nisa, wa zai yi sata a irin wannan sa'a? Na duba kwaɗo, na tafi.

Saude ce ta ji. Tana tankaɗe a tsakar gida ta ji ana jan abu mai nauyi ta bayan katanga. Da fari ta ɗauka ni ne. Da ta ji muryoyi sai ta hau turmi ta leƙa, ta ga mutane sun ɓalle ƙofar baya, sun kawo amalanke har bakin madafa suna lodi a natse, ba mai gaggawa. Ta yi ihu iya ƙarfinta. Maza duk suna masallaci, matan layin kuma ba wadda ta fito. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya rufe fuska da rawani, ya ɗago kai ya ce mata, "Ki sauka, Saude. Ba naku ba ne." Da sunanta ya kira ta, Thomas.

Kafin in dawo sun tafi. Sun ɗauki keken ɗinki, da rediyo, da katifu, da akwatin tufafin Agnes, da akwatin kayan aikinka gaba ɗaya. Abin da ya rage mini na aikinka sukundireban nan ne kawai, don yana aljihuna. Sun bar gado da kabad saboda nauyi. Hotunanku sun watsar a ƙasa sun tattaka, na tsince su ɗaya bayan ɗaya na goge. Akwatin ƙararrawa kuwa ko taɓa shi ba su yi ba. Sun san babu komai a cikinsa.

Abin da ke cina ke nan. Duk watannin nan da nake ɗaure batir a bayan keke ina ratsa layi, ina amsa gaisuwar mutane, ashe sanarwa nake yi. Duk mai ido ya san in batir ya fita, gidan ya zama kurma. Na ɗauka dabara nake yi, ashe ni nake nuna musu ranar zuwa.

Na kai magana wurin mai unguwa, aka rubuta, aka ce za a bincika. Har yau shiru. Saude ta gane muryar mai rawanin, ta faɗa mini sunansa. Ba zan rubuta maka ba, don ka san shi, ka taɓa gyara masa fitila ranar sunan ɗansa ka ƙi karɓar komai. Da na je na same shi, ya rantse, 'yan'uwansa suka taso mini, aka ce ni baƙo ne da ke fifita wasu a kan mutanen unguwa. Shedar mace daga kan katanga, wa zai karɓa? Yanzu sahu ɗaya muke tsayawa da shi a masallaci, kafaɗata tana gogar tasa. Na rasa yadda zan yi da zuciyata a cikin salla.

Ranar Litinin da ta wuce na ga filayarka a kasuwa, mai jan hannu, wadda ka ƙona harafin sunanka a jiki. Mai tebur ya ce shi ma saya ya yi daga wani da bai sani ba. Na karɓo ta. Ita da sukundireba suna cikin jakar da na ɗinka musu.

Ka ba ni amana, na kasa. Ba ina neman ka ce ba komai ba ne, na san akwai komai. Keken nan da shi Agnes take taimakon gida, kayan aikin nan kuma su ne hannunka. Ka gaya mata a hankali, ko ka bari sai ta yi ƙarfi.

Na gyara ƙofar baya, na mayar da batir. Ƙararrawa tana aiki, tana gadin gado da kabad.

Ka yafe mini. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Naka,
Inuwa.

Unguwar Fezzan, Yerwa.
Satumba, 1967.

Zuwa ga Thomas,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarku, ko da yake ban san ko akwai mai karanta wannan tambaya ba. A gidan waya sun ce babu takardar da ke ƙetarawa wajenku tun kafin a fara yaƙi. Garzali ƙanen Saude ya shiga soja, direba ne, an ce za a tura su kudu. Shi zan ba wannan ya riƙe, ko Allah zai sa ya gamu da wanda ya san ka. Ka duba wannan al'amari. Yaron da ka koya wa tuƙa keke, shi ne zai zo ƙasarku cikin kaki, kuma shi kaɗai ne ɗan aiken da nake da shi.

Kullum da yamma muna taruwa wurin mai shayi muna jin rediyo. In aka ambaci Anacha, wasu suna tafi, ni sai in tashi in tafi gida.

Baba Ba'ana ya rasu cikin damina, bayan gajeriyar jinya. Ya riƙe alkawarinsa har ƙarshe. Amma gidan ya faɗa rabon gado, ya zama na ɗansa Babakura. Babakura ya zo da kansa, ya zauna a zaurena cikin mutunci, ya ce yana da iyali, ba zai iya barin gida a rufe ba har abin da ba a san ranarsa ba. Ban ga laifinsa ba. Ya ba wani ma'aikacin jirgin ƙasa, za su tare bayan salla. Gadonku na kwance shi na jingina a ɗakin fata, kabad yana ɗakin Saude, hotuna suna cikinsa.

Wani abu kuma da ban san ko dariya zan yi masa ko kuka ba. Ajimi bai manta da maganar taransfoma ba. A makon da Babakura ya zo, sai ga shi da wani da ya ciro daga tsohuwar rediyon wani Bature da ya bar gari. Ya ce mu gwada. Muka ɗaura, muka sa sabon fis, na kunna. Fis bai ƙone ba. Fitilar nan ja ta kama, ta zauna daram, kamar ranar da ka tafi. Aka ɗauke wuta da la'asar, batir ya karɓa. Aka dawo da ita, ba abin da ya faru. Gyara ya yi, Thomas. Muka tsaya ni da Ajimi a ɗakin da babu ko tabarma muna kallonta. Ya dafa kafaɗata ya fita.

Sabon mai shiga ya ce ba ya son waya a bango, matarsa tana tsoro. Gobe zan cire.

Idan wannan ta same ka, ba na tambayar yaushe za ka dawo. Na daina wannan tambaya. Ka aiko kawai cewa kuna da rai.

Allah ya tsare ku, ya tsare Garzali, ya kashe wannan wuta.

Naka,
Inuwa.

Unguwar Fezzan, Yerwa.
Yuni, 1969.

Zuwa ga Agnes, Maman Rebeka,

Gaisuwa da girmamawa daga gare ni da Saude da yara. Yaya jikinki, yaya yaron? Yaya haƙuri?

Garzali ya zo hutu da rauni a ƙafa. Tun kafin ya ajiye jaka ya ce yana da magana da ni. Ya ce ya kai buhunan abinci wani sansani da ke cikin makarantar mishan kusa da Anacha, yana sauke kaya ya ji wata mata a layi ta kira sunansa da Hausa. Ya ce ya daɗe yana kallonki bai gane ki ba. Ya ce ya ba ki takardar da ya yi kusan shekara biyu yana yawo da ita, kika riƙe ba ki buɗe ba, kika gaya masa Thomas ya rasu tun bara, a hanya, lokacin da kuka gudu daga gari, zazzaɓi da yunwa.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Agnes, ban san kalmar da zan yi miki ta'aziyya da ita ba. Na zauna da mutane da yawa a garin nan, ban taɓa samun maƙwabci kamarsa ba. Shekarun da muka yi katanga ɗaya, ban taɓa jin ya ɗaga murya a kan kowa ba. Ajimi da ya ji ya rufe gareji ranar. Umara direba ya zo har gida muka zauna. Ba mu san yadda ake zaman makoki a addininku ba, sai muka yi irin namu, Saude ta dafa abinci aka raba wa mabukata da sunansa.

Ban sani ba ko takardata ta watan Afrilu ta wancan lokaci ta same shi. In ba ta same shi ba, to ke ya kamata ki sani. Ƙararrawar da ya bar mini ta lalace bayan an ɗauke wuta, na yi iya yina, amma ɓarayi suka shiga ranar da batir ba ya nan. Kekenki ya tafi, da tufafinki, da kayan aikinsa. Gidan ma yanzu wasu ne a ciki. Abin da ke hannuna gado ne da kabad da hotunanku da ƙarafan aikinsa guda biyu. Naki ne, na yaronki ne, duk ranar da hanya ta buɗe. Wani ɓangare na zuciyata yana fata bai taɓa karanta waccan takarda ba, ya tafi yana zaton gidansa yana nan yadda ya bar shi.

Saude ta ce in gaya miki ɗakinta ɗakinki ne, in kina so ki zo ku zauna. Na rubuta don ta sa ni, kuma da gaske take. Amma na san abin da garin nan ya yi muku, ba zan ga laifinki ba in ko sunansa ba kya son ji.

Garzali zai koma bakin aiki in ƙafar ta warke, shi zai kawo miki wannan, da ɗan ƙunshin bandar kifi da gero da sabulu, da takalma da na ɗinka wa yaron bisa kintace.

Saura magana ɗaya, ita ce na bari ƙarshe don hannuna ya ƙi rubuta ta. Garzali ya ce yaro ɗaya ya gani a bayanki. Na tambaye shi Rebeka fa, ya ce bai gan ta ba, kuma bai iya tambaya ba. Saude ta ce wataƙila tana wurin dangi, ko ta je ɗibar ruwa a lokacin. Ta sayi yadi mai furanni tun ranar, ta ce za ta kai a ɗinka mata riga, sai dai ba ta san tsawonta ba yanzu, yara suna girma. Yadin yana nan a ninke, ba a sa masa almakashi ba. Ba mu gaya wa Bintu komai ba.

Idan kin samu mai rubuta miki amsa, ki faɗa mana tsawon Rebeka. In kuma ba za ki iya ba, kada ki tilasta wa kanki. Ki ba mu labarin yaron kawai, za mu gane.

Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Maƙwabcinku,
Inuwa Baduku.